Yadda Ake Haɗa Adon Matar Viking, Daga Rigar Ciki Zuwa Maɓallan Ƙirji

Duk wadda ta taɓa ɗinka kayan wasan kwaikwayo, ko ta shirya wa ɗalibai baje kolin tarihi, ta san wahalar suturta mutumin da ya bar duniya shekara dubu da suka wuce. Ta matar Viking ta fi ba da wuya, domin fina-finai sun riga sun cika mana ido da baƙar fata da gashin dabba da ƙarafa ko'ina, alhali abin da aka tono a kaburburan matan ya sha bamban da haka, kuma ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Na daɗe ina bin wannan sutura, na ɗinka na warware, kuma babban abin da na gane shi ne adon nan aiki yake yi a jikin rigar. Manyan maɓallai biyu na tagulla da ke ƙirjin matar su ke riƙe da rigar, su ke ɗauke da duwatsun ado, su ke ɗauke da wuƙarta da allurarta. In kin cire su, komai ƙasa zai yi. Don haka, 'yar'uwa, duk matakan da zan bi da ke a nan a kan maɓallan nan biyu suke tafiya.

Mutanen da ake kira Viking su ne mazauna ƙasashen da yau ake ce wa Norwe da Suwidin da Denmak, a zamanin da aka saba ƙirgawa daga shekarar 793, lokacin da suka kai hari tsibirin Lindisfarne na Ingila, zuwa 1066. Kusan shekara ɗari uku ke nan, kuma yayi ya sauya a cikinsu kamar yadda yake sauyawa ko'ina.

Fara da zaɓen matar da za ki suturta

Kafin ki taɓa almakashi, ki yanke shawara a kan abu uku: wane gari, wane ƙarni, wane hali. Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa, shi ya sa sai ki ga an haɗa maɓallin ƙarni na 9 da abin wuyan ƙarni na 11 a jikin mace ɗaya.

Shawarata ki ɗauki matar wani ɗan kasuwa mai rufin asiri a Birka, wajen shekarar 900 zuwa 950. Birka gari ne na fatake a wani tsibiri cikin tafkin Mälaren, yamma da Stockholm ta yanzu. Hjalmar Stolpe ya tona kaburbura kimanin 1,100 a wurin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 1938 Agnes Geijer ta fitar da binciken guntayen tufafin da aka samu a cikinsu. Babu inda ya kai shi yawan shaida. In kuma kin fi son matar ƙauye a yammacin Norwe a ƙarni na 9, ita ma tana da nata, sai dai adonta ya fi sauƙi, kuma sau da yawa akan sami wani ƙarfen ado da aka ɓamɓaro daga kayan coci na Ailan ko Ingila aka mayar mata da shi maɓalli. Tsibirin Gotland na Suwidin kuwa ki bar shi gefe sai in shi kika zaɓa tun farko, domin matansa maɓallai masu siffar kan dabba suke sawa, da wani mai kamar ɗan akwati zagayayye. Kada ki gauraya nasu da na Birka.

Ki kuma sani ba kowace mace ke da waɗannan kaya ba. Baiwa ba ta da su. Yawancin masana na ganin adon 'yantacciyar mace ne mai gida da abin hannu.

Rigar ciki

Wannan ba ta da wuya. Doguwar riga ce har idon sawu, mai dogon hannu, sunanta a harshensu serk. Ki nemi yadin lilin fari ko wanda ba a rina ba. A yanka shi gida-gida, gaba da baya miƙaƙƙu, a sa ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata, a ƙara faɗi da ƙyallaye masu kusurwa uku daga ƙugu zuwa ƙasa. A wuya a yi zagaye da ɗan tsagu a gaba. A Birka ta ƙarni na 10 an sami irin wannan riga mai ƙananan tattara a tsaye, kuma ana rufe tsagun wuyan da ɗan ƙaramin maɓalli zagayayye da bai fi faɗin kwabo ba. In kina da haƙurin yin tattarar, ki yi, tana fito da matar sosai.

Rigar rataye da kunnuwanta

A kan rigar ciki ake sa wadda zan kira rigar rataye. Masu bincike da yawa na kiranta smokkr, kalmar da suka ɗauko daga wata tsohuwar waƙar mutanen. Ba ta da hannu, ba ta da wuya. Tana farawa daga ƙirji daidai hammata, ta zagaye jiki, ta sauka ƙasa, an rataye ta a kafaɗa.

Babu cikakkiya ko ɗaya da ta tsira, guntaye ne, kuma yadda suka tsira abin mamaki ne. Tsatsar tagulla da ta ƙarfen allurar maɓalli ita ta hana ƙyallen da ke manne da su ruɓewa, sai ya zama a bayan kowane maɓalli ana samun ɗan yankin riga da kunnuwanta a jikin allura. Masaniya Inga Hägg ta bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya a kayan Birka. Ita ce kuma ta yi nazarin wani babban yanki na ulu da aka tsamo a tashar jiragen ruwa ta Hedeby, garin fataken Viking da yau ke arewacin Jamus, wanda ya nuna an tsuke rigar ta bi jiki daga sama. A Køstrup da ke tsibirin Fyn na Denmak an sami wata ta shuɗin ulu mai tattara a gaba, da siririyar saƙa mai zane a tsakanin maɓallan.

Ga yadda za ki yi. Ki auna ƙirji daidai ƙarƙashin hammata, ki ƙara santimita 5 zuwa 8 don a iya zura ta ta ka. Ki yanka gaba da baya, ki sa ƙyallayen ƙarin faɗi a gefe biyu daga ƙugu. Tsawon ya tsaya tsakiyar ƙwauri, don rigar ciki ta riƙa leƙowa. Bakin sama a naɗe shi ciki a ɗinke da hannu, in da hali a bi shi da siririn siliki, domin matan Birka masu hali sun yi haka da silikin da fatake ke kawowa daga gabas.

Ulu ne asalin yadin, ko lilin. Shuɗi shi ya fi yawa a abin da aka gwada, kuma suna samunsa daga ganyen wani tsiro na ƙasarsu wanda sinadarin rininsa ɗaya ne da na babanmu. Saboda haka in kin kai yadinki karofi aka tsoma shi a baba, kin sami launin gaskiya, ba kwaikwayo ba. Ja kuma daga saiwar wani tsiro suke samu, ja ne mai ɗan duhu kamar jan ƙasa. In zafi ba zai bar mai wasa ta sa ulu ba, ki yi amfani da saƙar hannu ta auduga mai kauri, amma in baje koli ne ki rubuta a takardar bayani cewa musanye ne, don su ba da auduga suke sutura ba.

Yanzu kunnuwa, kuma a nan ki nutsu. Kunnuwa huɗu ne, biyu gajeru a gaba, biyu dogaye daga baya. Ki yanka ƙyallen lilin mai faɗin santimita 4, ki naɗe gefe da gefe zuwa tsakiya, ki sake ninkewa, ki ɗinke, ya zama igiya mai faɗin santimita 1. Na gaba ki lanƙwasa su, su ɗago sama da bakin riga da santimita 3 ko 4, tsakaninsu kimanin taƙi ɗaya. Na baya ma lanƙwasassu ne, watau igiya biyu ce ke haye kafaɗa, kuma tsawonsu a jikin mai sawa ake aunawa: su taso daga tsakiyar baya, kusa da juna don kada su riƙa zamewa, su haye kafaɗa su tsaya ɗan ƙasa da ƙashin wuya. Ki cusa ƙarshen kowane kunne cikin naɗin bakin riga da aƙalla santimita 3, ki ɗinke shi sau da yawa. Farkon da na yi wannan riga, siririn ƙyalle na sa, ga shi na loda duwatsu layi uku. Ana tsakiyar gwaji kunne ɗaya ya tsinke, maɓalli ya faɗi ya lotse. Tun daga ranar nake ninka ɗinkin wurin.

Maɓallan ƙirji

Su ne zuciyar aikin. Siffarsu kamar ƙwai da aka raba biyu a tsaye, ko bayan kunkuru: gaba a kumbure, ciki da rami, tsawo kimanin santimita 10 zuwa 12. A cikin ramin allurar ƙarfe take, a ɓoye, tare da kunnuwan riga, shi ya sa daga waje ba a ganin komai sai ƙyallin tagulla. An same su tun daga Aisilan da Ailan da Sikotilan har cikin Rasha, kuma duk inda masu tono suka ga biyun nan a kabari, sun san mace ce ta Sikandinebiya, wato ƙasashen Viking, ko mai bin al'adarsu.

A 1928 masanin Norwe Jan Petersen ya kasa su iri-iri, kuma har yau da lambobinsa ake kiransu. Biyu za ki riƙe. P37 na ƙarni na 9 ne, ɓawo ɗaya gare shi, an raba bayansa gida-gida da layuka, da ƙulli-ƙulli a mahaɗar layukan, a cikin gidajen kuma wasu ƙananan dabbobi masu cafke juna da ƙafafu. P51 na ƙarni na 10 ne, kuma shi ya fi kowanne yawa. Ɓawo biyu gare shi: na ciki sumul mai ruwan zinari, na waje mai huda-huda da aka kifa a kai, don zinarin ciki ya riƙa haskowa ta ramukan. Akan bi wasu layukansa da murɗaɗɗiyar wayar azurfa. In matar Birka ta 900 zuwa 950 kika zaɓa, P51 ne naki. In ta Norwe ce ta ƙarni na 9, P37.

Hanya uku ce ta samunsu. Ta farko ki saya a wajen masu ƙera kwafinsu a Turai, ki tabbatar an rubuta lambar irin da wurin da aka tono asalin. Ta biyu, wadda na fi so, ki kai wa maƙerin fari hotuna daga gaba da gefe da ciki, da awo a rubuce. Maƙerin da ya iya zubin tagulla da kakin zuma ba zai ga baƙon abu a nan ba, don su ma zubi suke yi. A garin Ribe na Denmak an tono tarin fasassun mazuban yumɓu na maƙeran ƙarni na 8. Sukan danna samfuri, ko ma tsohon maɓalli, a cikin yumɓu ya bar zanensa, sannan su shimfiɗa ƙyalle mai kaki a ciki don ya tsayar da kaurin ƙarfen, su rufe da ɗaya ɓarin yumɓun. Shi ya sa in kika juya na asali da yawa za ki ga sawun saƙar ƙyalle a cikinsu. Kwafi daga kwafi kuma shi ya sa zanen dabbobin ya yi ta dusashewa a wasu, har ba a gane kai da ƙafa.

Abubuwan da za ki jaddada wa maƙerin: kauri kada ya wuce milimita 2, in ba haka ba nauyi zai ja rigar gaba. Ramin ciki ya yi zurfin da zai ɗauki kunnuwa biyu da igiyoyi. A ciki a yi gindin allura a ƙarshe ɗaya, maƙalarta a ɗaya ƙarshen, allurar kuma ta baƙin ƙarfe mai ƙarfi. A huda ƙananan ramuka ɗaya ko biyu a bakin ƙasa don rataye kaya. Kada ki yarda a yi ruwan zinari irin na da, wanda ake kwaɓa zinari da zaiba a ƙona, domin hayaƙin zaiba guba ne mai taɓa ƙwaƙwalwa. Tagullar da aka goge da kyau ta wadatar.

Hanya ta uku ta makaranta ce da ba ta da kuɗi. Ki sami kawunan ludayi biyu masu girma ɗaya, ki yanke hannun, ki goge bakin. Ki zana layuka da zare mai kauri da aka manna da gam, ki manna ƙananan duwatsu a mahaɗa su zama ƙulli, ki fesa fenti ruwan tagulla. A ciki ki gitta ɗan katako, ki ɗaura babban fil a jikinsa. Daga kujerar 'yan kallo ba mai ganewa, sai dai ba zai ɗauki nauyi ba, don haka a asirce ki ɗinke kunnen gaba da na baya, ludayin ya zama rufi kawai.

Kada ki damu in biyun ba su yi kama sak ba. Matar da aka tono a Adwick-le-Street kusa da Doncaster a Ingila a 2001, maɓallanta biyu ba tagwaye ba ne, kuma sun sha jiki.

Duwatsun ado

Tsakanin maɓallan biyu ake rataye duwatsu, su sauko a ƙirji kamar jinjirin wata. Yawancinsu na gilashi ne. Maƙeran Ribe sukan narkar da fasassun gilasai da ƙananan duwatsun gilashi na adon bango da ake kawowa daga kudu, su naɗa narkakken a jikin tsinken ƙarfe. Masu gilashin Bida ma naɗi suke yi a tsinke, shi ya sa ƙananan duwatsunsu na hannu suka fi na kamfani dacewa da wannan aiki. Ki nemi shuɗi da kore da fari da ruwan ɗorawa da ja mai duhu, wasu da ɗigo kamar ido, wasu da layi. Ki guji na roba, ki guji masu ƙyalli irin na kayan amare, ki guji waɗanda girmansu ɗaya sak.

Matar ƙarni na 10 a Birka tana da abin da kakarta ba ta samu da yawa ba, wato jan aƙiƙ da farin dutse garai-garai mai kama da ƙanƙara, an fere su da kusurwoyi, sun biyo hanyar fataken gabas. Akwai kuma 'yan jere-jere masu kamar gyaɗa a kwanso, da aka sa wa siririn zinari ko azurfa a cikin gilashin, su ma daga ƙasashen Musulmi. Na gida shi ne amba, ƙaron itace da ya daskare tun zamanin da, ana tsintarsa a gaɓar tekun Baltik, launinsa kamar zuma. Ki sa ɗaya ko biyu, ba jeri guda ba.

A kan yawa, a nan masu kwaikwayo suka fi wuce gona da iri, sai ki ga layi biyar har cibiya. Kaburbura da yawa ba su wuce 'yan duwatsu kaɗan ba. Layi ɗaya mai duwatsu 20 zuwa 40 ya isa matar mai rufin asiri, layi biyu kuma sai attajira. Ki shafa wa zaren lilin kakin zuma, ki ninka shi biyu, ki fara jeri daga tsakiya da mafi girma ki tafi gefe da gefe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ki daidaita nauyin gefen biyu, launi kuwa ki bar shi ya ɗan saɓa. A kowane ƙarshe ki yi ɗan kunne da zai shiga allura. Tsakiyar layin ta sauko kimanin faɗin tafin hannu ƙasa da bakin riga. In ya fi haka zai riƙa kama komai in ta sunkuya.

Kayan aiki da ke rataye

Ba su da aljihu, don haka abin da mace ke buƙata kullum a maɓalli yake rataye, da siririyar sarƙar tagulla ko igiyar saƙa. Wanda aka fi samu: ƙaramar wuƙa a kube, gidan allura na tagulla ko ƙashin tsuntsu, almakashi irin na ƙarfe ɗaya da aka lanƙwasa, matsefata, ɗan cokalin sakace kunne, wani lokaci da dutsen wasa wuƙa ko makulli. Makullin na akwati ne ko na rumbun ajiya, kuma ana ɗaukarsa alamar uwargida mai iko da kayan gida, ko da yake ba a kowane kabari yake ba.

Biyu ko uku sun isa. Ki rataye su su tsaya wajen ƙugu, inda hannu zai kai ba tare da an kwance ba. In duka a gefe ɗaya kika sa, rigar za ta karkace, sai ki raba. Wuƙar wasan yara ta zama ta katako.

Wannan tsari ba masu tono kaɗai suka gan shi ba. Ahmad ibn Fadlan, wanda ke cikin tawagar da Halifa al-Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya haɗu da fataken Rus, waɗanda ake ganin 'yan asalin Sikandinebiya ne, a bakin kogin Volga na Rasha a shekarar 922. Ya ba da labarin cewa kowace mace a cikinsu na da wani ɗan batta a ƙirji, na ƙarfe ko azurfa ko tagulla ko zinari gwargwadon arzikin mijinta, da zobe a jikinsa wanda wuƙa ke rataye. Battan nan da ya gani da idonsa, masana da yawa na ganin maɓallanmu ne.

Mayafi da maɓalli na uku

A kan komai sai mayafin ulu, murabba'i da aka ninka kusurwa da kusurwa, ko doguwar riga buɗaɗɗiya a gaba. Ana kama shi a tsakiyar ƙirji da maɓalli na uku. Akwai mai fiffike biyu daidai wa daida, akwai babban zagayayye, akwai mai ganye uku. Mai ganye ukun asalinsa ƙarfen ɗamarar takobin mayaƙan Faransa ne na zamanin, mazan suka kawo gida, matan suka sa masa allura, daga baya maƙera suka shiga ƙera shi musamman don mata. Akwai na zinari irin na asalin a taskar Hoen da aka tono a Norwe a 1834. Ga matarmu ta Birka, kowanne cikin ukun ya yi. Ki tsayar da mayafin yadda manyan maɓallan za su riƙa leƙowa.

Azurfa a wuya da hannu

Azurfa ita ce kuɗinsu, kuma da awo suke ciniki, har sukan sare guntun munduwa su biya. Mafi yawanta dirhami ne na daular Samaniyawa, Musulmin tsakiyar Asiya, bugun Samarƙand da Tashkent da makamantansu, da ake narkarwa. A Spillings da ke Gotland an tono azurfa kilo 67 a 1999, ciki har da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan duka na Musulmi. Ibn Fadlan ya ce in mutum ya tara dirhami 10,000 sai ya yi wa matarsa sarƙar wuya ɗaya, in ya ninka ya ƙara mata wata, kuma koren dutsen ado ɗaya sukan saye shi dirhami guda.

Ki sa maƙeri ya murɗa waya biyu ko uku kamar igiya, tsakiya ta fi kauri, ƙarshen ya sirance, ya yi munduwa ɗaya ko biyu. Ko kuwa faffaɗa mai zanen da aka buga da ƙarfe, ƙananan kusurwa uku da ɗigo. Zoben yatsa ɗaya ya isa, bai yawaita a wurinsu ba. Wanda ya fi suna shi ne na wata mata a Birka, na azurfa da gilashi mai launi, ɗauke da zane irin rubutun Kufi da wasu masana suka karanta "lillahi".

Akwai abin da nake so ki yi tunani a kansa a nan. Matan sukan huda dirhami su sa masa kunne su jera shi cikin duwatsu. Dirhamin nan kalmar shahada da ayoyin Alƙur'ani ke jikinsa, kayan wasa kuwa ana jefar da su a ƙasa, ana shiga ko'ina da su. Ni nakan sa faifan azurfa mai zagayen ɗigo ba rubutu. Haka gudumar gunkinsu Thor da gicciye, waɗanda duka an samu a wuyan matan Birka: alamomin addini ne, kuma yawancin kaburbura ba su da ko ɗaya, don haka barinsu bai rage wa aikinki gaskiya ba.

Kai da fuska, da abin da za a bari

Ƙananan mutum-mutumin azurfa na zamanin na nuna mata da dogon gashi an ƙulle shi a ƙeya, jelar ta sauka baya. A York ta Ingila da Dublin ta Ailan kuma an tono 'yan huluna na siliki da ulu, ƙyalle ne mai tsawo da aka ninka biyu aka ɗinke baya, da igiya a haɓa. In mai wasan na son rufe kai, wannan ko farin ɗankwalin lilin ya yi. Kwalli ma ba laifi: Ibrahim ibn Yaƙub al-Turtushi, matafiyi daga Andalus da ya je Hedeby wajen 965, ya ce maza da matan garin na yi wa ido kwalliya.

'Yan kunne kuwa a cire su, ba adon matan Sikandinebiya ba ne a lokacin, na maƙwabtansu Silabawa ne. Faffaɗar ɗamarar fata mai babban kai ma a bari, in ana son ɗaure ƙugu a sa siririyar saƙa. In kuma wasanki ya faɗa bayan shekarar 1000, manyan maɓallan ma sun daina yayi, sai maɓalli ɗaya a ƙirji.

Ranar sawa

A fara da rigar ciki, a rufe wuyanta. A zura rigar rataye, wata ta riƙe ta a hammata. Ki ɗauki maɓalli, gindin allura a ƙasa, tsininta na kallon sama. Ki fara zura gajeren kunnen gaba ya sauka har gindi, sai igiyar kayan aiki, sai kunnen zaren duwatsu, daga ƙarshe ki jawo dogon kunne daga baya ta kan kafaɗa ki zura shi, ki maƙale allura. Ki yi wa ɗaya gefen haka. Maɓallan su zauna a tsaye, ƙasa da ƙashin wuya, saman ƙirji, ba a kan nono ba. In suna kifewa gaba, kunnuwan baya sun yi tsawo, ki rage santimita 1 ki sake gwadawa. In bakin rigar na cin hammata, sun yi gajarta.

Sai munduwa, sai mayafi da maɓallinsa. Daga nan ki sa ta yi tafiya, ta zauna, ta sunkuya ta ɗauki abu a ƙasa, ta ɗaga hannu sama kamar mai sauke kaya daga rataye. Duk abin da ya zame ko ya kama wani, a gyara shi a lokacin. Bayan an gama a zare maɓallan daga rigar kafin a ninke ta, a goge allurar da ɗan mai, a naɗe kowanne a busasshen ƙyalle dabam, domin in damina ta same su manne da yadi, koren tsatsar tagulla zai kama lilin, kuma wanki ba ya fitar da shi.